Na Hana Mage Abinci don Ta Kama Ɓera

Duk wanda ya taɓa zaman rumfar hatsi ya san maganar: mage in ta ƙoshi ba ta kama ɓera. Ana faɗarta a Dawanau, ana faɗarta a Mile 12, mu ma da muka tashi a Zangon Agege a bakin dattawa muka tsince ta. Ba mu taɓa tambayar wanda ya gwada ba. Ni na gwada. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na tabbata a daren nan akwai wani mai rumfa da ya kulle magensa da buhuna, bai ba ta ko loma ba, yana ganin ya yi dabara.

Sai mutum ya zauna Agege zai san abin da ake kira ɓera. Ciniki ne ya zaunar da mu a unguwar nan. Layin dogo ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya haɗe da Kano a 1912, goro kuma ya ja kakanninmu suka sauke kaya suka kafa zango. Tun daga lokacin abinci bai daina taruwa a nan ba. Ga buhunan wake da gero da masara da manyan motoci ke saukewa daga Arewa, ga busasshen kifi, ga gidajen burodin da suka kai sunan unguwar ko'ina a ƙasar nan, ga mayankar Oko-Oba, ga kwatocin da ko da rani ba sa bushewa. Ɓeran Agege bai san yunwa ba. Da la'asar sakaliya za ka ga wani ƙato yana tsallaka kwata a hankali, ya tsaya ya dube ka, sannan ya ci gaba da tafiyarsa.

Gidan da muke haya irin dogon gidan nan ne na Legas, ɗakuna jere ƙofa na kallon ƙofa, lungu a tsakiya, madafa da makewayi na kowa da kowa a baya. Ɗaki biyu nake riƙe da su, ɗaya na iyali, ɗaya kuma na mai da shi sito inda nake ajiye wake da garin rogo kafin in kai rumfa. Ɓarnar da ɓera ke mini a siton nan ta ishe ni. Sai wani mai gadi ya ba ni 'yar mage, baƙa da fari, ba ta daɗe da barin nono ba. Da ta ɗan tasa na kafa doka a gida: kada kowa ya ba ta abinci, sai ruwa. Maiɗakina ta ce, "Maigida, dabbar nan fa tana da hakki a kanmu." Na ce mata hakkinta na cikin sito, in tana so ta je ta ɗauka.

Ba a jima ba aka fara wayar gari da gawa a ƙofar ɗakina. Zan fito sallar asuba in ji na taka wani abu mai laushi, in haska tocila, sai ga ɗan ɓera a miƙe, wuya a karye, jini ɗan kaɗan a hanci. Magen na gefe tana lasar hannu. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Kowace gawa a wurina shaida ce cewa dokata na aiki. Sai in ɗauke shi ta wutsiya da hannuna, in nuna wa maƙwabta masu fitowa alwala, in wurga shi kwata, in goge yatsu a wando in wuce masallaci. Yarana suka koya. Ƙaramin ma har rigima yake in wani ya riga shi ɗauka.

Da na tsaya na dubi abin da take kawowa da idon basira, da na gane tun da wuri. 'Yan ƙananan ɓeraye ne waɗanda ba su wuce babban yatsa ba. Sai ƙadangaru, galibi ba wutsiya. Sai tsaka. Sai jaba, wadda takan kashe ta yar ba ta ci saboda wari. Wata rana kurciya. Ƙatti na kwata kuwa, masu huda buhu su kwashe rabin mudu a dare, ko ɗaya ba ta taɓa kawowa ba, kuma na sha ganinta ta kauce musu hanya. Ba ragwanci ba ne. Babban ɓeran gari yakan kai giram 300 ko fiye, wato ninki goma na ɗan ƙaramin, kuma yana cizo. Mage tana da lissafi. A 2018 wasu masu bincike sun ba da rahoton kyamarorin da suka kafa a wani wurin tace shara a Brooklyn ta birnin New York, inda manyan ɓeraye suka yi gari, maguna kuma na kai da kawo a cikinsu. Cikin kwana 79, biyu kacal aka ga magunan sun kashe. Abin da kawai ya canza shi ne ɓerayen sun rage fitowa fili, masu kallo kuma suka ɗauka sun ragu. Haka ni ma na ɗauka, alhali kowace safiya ga kashin ɓera a kan buhu, ga wake a zube.

Abin takaicin ma, jaba da ƙadangare da tsaka ba abokan gabata ba ne. Ƙwari suke ci. Jabar da muke tsana saboda wari da tsuwa, kyankyasai take bi cikin dare. Ashe magen nan 'yan aikina take rage mini, ina yi mata kirari.

Kuma abin da ake gani a ƙofa ba shi ne duka ba. A jihar Jojiya ta Amurka an rataya wa maguna ƙananan kyamarori a wuya, sakamakon ya fito a 2013: kashi 23 cikin ɗari na abin da suka kama suke kawowa gida, kusan rabi a can suke barinsa, saura su cinye. Tawa da ke kwana da yunwa, Allah kaɗai ya san abin da ta cinye a bayan gari.

Yunwa ba ta sa ta ƙara ƙwazo a sito ba. Nesa ta kore ta. Ta fara hawa rufin kwano tana tsallakawa gidaje, har ta gano akurkin tantabarun wani saurayi a gidan da ke bayanmu. A lokacin kuma na lura an daina kawo gawa ƙofata, na ɗauka ɓerayen ne suka ƙare.

Akwai wata dattijuwa Bayarabiya a ƙarshen lungunmu, mai soya kifi, kowa Iya yake ce mata. Ta fi shekara talatin a gidan, Hausa a bakinta kamar ta Kano, ita ke karɓar haihuwar rabin matan gidan kafin a kai asibiti. Wata asuba sai muka ji salati da kururuwa. Muka fito muka tarar da farar tantabara a kan dokin ƙofarta, ba kai, gashi a watse, jini ya ɗiɗɗiga a kan tabarmar shiga. Duk wanda ya zauna Legas ya san abin da wannan ke nufi a zuciyar mutane. Farar tantabara, ba kai, a bakin ƙofa, da asuba. Ba Bayarabe kaɗai ba, mu ma Hausawan da ke tsaye kallon juna muka yi, wani na cewa jifa ne, wani na cewa a nemo malam. Iya ta hana kowa taɓawa, ta kawo gishiri ta barbaɗa, ta ƙi tsallakawa, ta tagar baya aka miƙa mata ruwa.

Ni kuwa da na ga yadda aka tauna wuyan na san aikin wane ne. Na kuma ga ɗan farin gashi manne a gemun magen tana kwance ƙarƙashin benci. Na yi shiru. Lissafin kuɗin tantabara na yi, da kunyar da zan sha, da yadda mai gida zai ce a fitar da magen.

Abin ya sake faruwa, wannan karon ɗan tsako ne. Zargi ya faɗa kan wani yaro mai tura kurar ruwa, baƙo daga wajen Sakkwato, da ke kwana a zaurenmu, don sun taɓa sa-in-sa da Iya a kan kuɗin jarka. 'Ya'yanta suka zo daga Dopemu, magana ta yi zafi, aka fara cewa "mutanenku" da "mutanenmu". Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Ketu a 1999 ko a Idi-Araba a 2002 ya san ba a wasa da waɗannan kalmomi a garin nan. Yaron ya yi ta rantsuwa da Alƙur'ani, hawaye na zuba, ba wanda ya saurare shi. Mai gida ya ce ya kwashe tabarmarsa. Ina tsaye aka kore shi.

Jikar Iya ce, yarinya 'yar firamare, ta warware zancen ba tare da ta sani ba. Ta ce ai ita ta ga magen Malam da tsuntsu a baki, kuma kullum takan ajiye mata kan kifi a bayan ƙofa don tana ba ta tausayi. Lungu ya yi tsit. Ashe magen ta mai da ƙofar Iya gidanta, tunda a can ake ba ta abinci. Mage ba kyauta take kawowa ba, kamar yadda masu son ta ke faɗa. Abin da ta kama takan kai shi inda take jin aminci, don ta ci a natse ko ta ajiye, uwa kuma takan kai wa 'ya'yanta, da fari matacce, daga baya mai sauran rai, har su koyi farauta. Inda ta ajiye gawa, nan ta ɗauka gida. Ni ta sallame ni tuntuni ban sani ba.

Iya ta dube ni ta ce, "Malam, ka sani?" Na ce na sani. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa ta yi, "Yaron nan da aka kora, ɗan wani ne." Na biya kuɗin tantabara da na tsako. Na bi sawun yaron har na same shi wajen Mangoro yana kwana a gindin wata rumfa, na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma bai dawo ba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni ban tsaya ba, don har lokacin ina ganin matsalata ita ce ɓera bai mutu da yawa ba. Akwai masu yawo da maganin ɓera a bakin tasha da cikin kasuwa, da 'yar lasifika, wasu har da busassun ɓeraye rataye a allo don talla. Na sayi ƙulli biyu na shinkafar ɓera, ba suna a jiki, ba takarda. Mai sayarwa ya ce in gauraya da garin kifi don ƙamshi ya jawo su. Na gauraya, na zuba a murafen gwangwani, na tura ƙarƙashin buhuna da bakin ramuka. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa a cikin gidan akwai wata dabba mai jin yunwa wadda ta fi ɓera son kifi.

Cikin 'yan kwanaki farauta ta buɗe. Magen, wadda a lokacin ta haihu a bayan buhuna, ta shiga jawo manyan ɓeraye, irin waɗanda da take gudu. Na ga ɗaya da rana tsaka yana tafe yana layi a tsakar lungu, ta zo ta danne shi ba ko kokawa. Na kira maiɗakina na ce ta zo ta ga abin da haƙuri ke haifarwa. Ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan ɓeran ai ba shi da lafiya." Ban kula ba.

Sai magen ta daina fita. Ta kwanta a kan siminti tana numfashi sama-sama, 'ya'yan na jan nono ba ta ko ɗaga kai. Na buɗe bakinta, dasashin ya yi fari fat. Da yamma na ga ɗigon jini a hancinta. Tausayi ya kama ni a karon farko, kuma tausayin jahili ya fi muguntarsa ɓarna. Na ɓare farasitamol, na raba biyu, na narka a cokali na ɗura mata. Kafin gari ya waye fuskarta ta kumbura, tafin hannuwanta ma haka, dasashin ya koma ruwan ƙasa.

Na sa ta a kwali na kai wa wani likitan dabbobi da ke aiki wajen mayanka. Ya duba ta, ya yi mini tambaya uku: me take ci, akwai guba a gidan, me na ba ta. Da na amsa, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce yawancin maganin ɓeran da ke kasuwa ba nan take yake kisa ba. Hana jini daskarewa yake yi, ɓera ya ci ya yi kwana uku zuwa mako yana zubar jini ta ciki, yana rage gudu, yana fitowa fili da rana. Irin wannan ɓera shi mage ke samu a sauƙaƙe, gubar kuma na nan a hantarsa da cikinsa. Magen da ta ƙoshi takan kashe ta bari. Mai yunwa, ga shayarwa, cinyewa take, yau ɗaya gobe ɗaya, har abin ya taru. Balle kuma na zuba mata kifi a kan gubar. Ya ce duk da haka da na kawo ta tun jiya da akwai fata, don wannan guba tana da makari, bitamin K1, ana ba dabba na wasu makonni ta tashi. Farasitamol ɗin ne ya yanke zance. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi kamar ta mutum, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, yana lalata jinin har ya kasa ɗaukar iska. Ta mutu a kan teburinsa kafin azahar.

Ina shirin fita da kwalin ya ce in dakata. Ya ce, "Alhaji, duk ɓerayen nan da take kawowa, wa ke kwashewa?" Na ce ni da yara. Ya ce da me? Na nuna masa hannuna.

Zazzaɓin Lassa ba baƙon suna ba ne a kunnena, ina jin sa a rediyo duk rani, amma ban taɓa haɗa shi da ƙofar ɗakina ba. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano shi a 1969. Wani ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar, shi ba ta kama shi, yana zubar da ita a fitsari da kashi, mutum ya ɗauka ta abincin da ɓeran ya ɓata ko ta taɓa jininsa da gawarsa. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba da Ebonyi ne suka fi fama, kuma ta fi tashi daga Disamba zuwa Afrilu. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da mutum sama da 1,200 sun kamu, sama da 200 suka rasu. A farkon 2020 har likitoci ta kashe a Kano. Gaskiya ne wannan ɓera ya fi zama a ƙauye da gona, ba shi ne ƙaton kwatar Legas ba. To amma buhunan da ke sitona daga ina suke? Motar da ta taso daga Taraba da wake, ko daga Edo da gari, ba ta tantance fasinjan da ya maƙale a tsakanin kaya. Kuma da asuba, da hasken tocila, wa zai juya ɓera ya ƙirga nono? Ƙaton kwatar ma ba tsarkakakke ba ne. Fitsarinsa na ɗauke da wata cuta mai kama ƙoda da hanta, wadda ke shiga ta ƙujewar fata, musamman lokacin da ruwan sama ya cika kwata ya malalo lungu.

Likitan ya ƙara da wani abu da ya fi tsorata ni, don maiɗakina na da juna biyu a lokacin. Magen da ke cin ɗanyen ɓera da tsuntsu takan ɗauki wata ƙwayar cuta ta fitar a kashinta, wadda ba ta cika damun mai lafiya ba amma tana iya illata jariri a ciki. Kashin ba ya zama haɗari sai ya kwana ɗaya zuwa biyar, shi ya sa ake son a kwashe kullum, kuma kada mai ciki ta kwashe. A gidanmu ita ke sharar bayan buhuna.

Ba a yi mako ba ƙaramin ɗana ya tashi da zazzaɓi. Cutar Lassa takan ɗauki kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana, kuma farkonta ba ya bambanta da zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro. A asibiti na faɗa musu komai, har da wasan ɗaukar ɓera. Gwaji ya nuna cizon sauro ne, ya sha magani ya warke. Jaririyar ma Allah ya kawo ta lafiya. Amma makonnin nan da na yi ina taɓa goshin yara cikin dare, ba na yi wa maƙiyina fatansu.

Na kai maganar wurin malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba, ina neman ya sauƙaƙa mini. Ya tuna mini hadisin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Na ce Allah gafarta Malam, ai ni ban tsare tawa ba. Ya ce, "Ka sake ta, sannan ka zuba guba a cikin abin da ka tura ta ta ci. Wanne ya fi?" Ya ce Musulunci ya halatta kashe ɓera, bai kuma ɗauki mage najasa ba, har ragowar ruwan da ta sha ana alwala da shi, amma mushen ɓera najasa ne, kuma ya yi mamakin mutumin da zai ɗauke shi da hannu ya wuce sahu. Na rasa ta cewa.

Cikin 'ya'yan magen ɗaya ta rayu, jikar Iya ce ta raine ta. Tana nan a gidan yanzu, kuma ni ke ciyar da ita. Ba tuwo ba, mage ba ta rayuwa da tuwo, nama jikinta ke bukata. A Agege wannan ba tsada, huhu da tarkacen nama daga mayanka, kan kifi daga wurin Iya, a dafa a ba ta safe da yamma. Tana farauta? Tana yi. Farautar mage ba daga ciki take tasowa ba, halitta ce, ko ta ƙoshi in ta ga motsi sai ta yi tsalle. Bambancin shi ne ba ta nisa, ba ta bin kaji da tantabarun mutane, kuma abin da ta kashe ba ta cika ci ba. A 2021 Jami'ar Exeter ta Ingila ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da maguna 355. Waɗanda aka ba abinci mai yawan nama sun rage kawo gawa gida da kashi 36 cikin ɗari, waɗanda aka riƙa yi wa wasan farauta na minti biyar zuwa goma a rana suka rage da kashi 25. Ƙararrawar wuya kuwa ba ta yi wani tasiri ba. Wasan nan yara sun karɓe shi hannu bibbiyu, tsumma ne a ɗaure a igiya suna ja tana bi.

Wasu za su ce a kulle mage a ɗaki kawai a huta. A Kanbera, babban birnin Ostireliya, doka ce ma a tsare duk magen da aka haifa daga Yulin 2022 a harabar gidan mai ita. Mai ɗaki ɗaya da mutum bakwai a Agege ba zai iya wannan ba, kuma ba na ganin ana bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta lissafa ajiye mage cikin hanyoyin kare gida daga ɓeran Lassa, tare da rufe abinci da nisanta shara. Abin da nake yi shi ne in rufe ta a sito daga magariba zuwa hantsi, lokacin da ta fi ɓarna a waje, da ruwanta da kaskon yashi. Ana yi mata allurar haukan kare, ana ba ta maganin tsutsa.

Ɓeran kuma ba mage ce ta rage mini shi ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wake da gari sun koma cikin durom na roba mai murfi, buhunan da suka rage suna kan katako nesa da bango, na sa magini ya toshe ramuka da siminti da fasasshen kwalba, aka buga kwano a ƙasan ƙofa. Na dawo ga tarkon ƙarfe, a cikin akwati mai ƙaramar kafa yadda yaro ko mage ba za su sa hannu ba. Guba ba ta sake shiga gidan ba, kuma mun yi magana da maƙwabta cewa duk wanda zai zuba a ɗakinsa ya faɗa.

Har yanzu wata rana akan tarar da gawa a lungu. Ba a yi wa magen tsawa, don ba ta san laifi ba, ba a kuma yi mata kirari. Yara ba sa taɓawa. Ina zuba ruwan bilic a kai in bar shi ya jiƙa, in sa hannu cikin leda in ɗauka, in juye ledar in ƙulle, in sa a wata, ta tafi kwandon shara mai murfi har motar kwashe shara ta LAWMA ta zo. Kwata ba wurin zubarwa ba ce, kazar wani ko magen wani za ta ci. Wurin a wanke shi da bilic, kada a share shi a bushe ƙura ta tashi, hannu kuma a wanke da sabulu. In tsuntsun maƙwabci ne, kafin ya fito nema na riga na ƙwanƙwasa masa ƙofa.

'Yan'uwana masu rumfa da sito, daga Agege zuwa Mile 12 da Alaba Rago, wanda ke da mage ya ciyar da ita, kuma kada ya haɗa ta da guba a gida ɗaya. Wanda kuma ya taɓa ɓera, shi ko yaronsa, sannan zazzaɓi ya zo ya ƙi jin maganin cizon sauro, kada ya tsaya a kemis. Ya tafi asibiti, ya faɗa wa likita da bakinsa cewa an taɓa ɓera. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.